Kwana Uku Bai Amsa Ba

Mai Jiran Amsa:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Ga nawa baitin, ku taya ni da amsa-amon "ba".

Wata shida ke nan muna tare,
Matsayina a wurinsa bai faɗa ba.
Ran da ya kira, sai in ji ni sarauniya,
Ran da ya yi shiru, ba zan runtsa ba.
Saƙona ya sami shuɗin maki biyu,
Yau kwana uku bai amsa ba.
Na tsaya gaban madubi ina tambaya,
Ko dai ni ce ban kai ba?

Yayar Kowa:
Tun 2014 da WhatsApp ya kawo shuɗin makin nan yake hana yara barci.

Ƙanwata, ajiye madubin nan,
Ba shi ya ƙi kiran ki ba.
Makin cewa ya yi an karanta,
Bai auna darajarki ba.
Hankalinki da kirkinki tun can naki ne,
Ba saurayi ne ya ba ki aro ba.

Ba Na Ɓoye Gaskiya:
Son maso wani ƙoshin wahala,
Shiru ma magana ce, ko ba ki ji ba?

Ƙane Mai Kunya:
Ku yi haƙuri in sa baki, mu ma abin yana cin mu.

Ni ma na taɓa yin shirun nan,
Ba don son ya ƙare ba.
Na ga masu mota suna neman ta,
Ni ko aiki ban samu ba.
Sau goma na rubuta amsa na goge,
Na ce irina bai dace da ita ba.
Ta gaji da jira ta yi gaba,
Har yau dalili ban gaya mata ba.

Yayar Kowa:
Ƙanena, ka yanke hukunci kai kaɗai,
Ita ba ka ji ta bakinta ba.
Tsoronka ne, ita ta ɗauki kayan,
Ta zaci ita ce ba ta isa ba.
Ke kuma ƙanwata, buɗe baki ki tambaye shi,
Rashin sani ya fi dare duhu, ko ba haka ba?

Mai Jiran Amsa:
Yaya, na tura masa tambaya guda,
"Ina muka dosa?" Ban ƙara ba.
Na kife wayar na ɗauki littafina,
Jarrabawa ba za ta jira ni ba.
Gabana yana faɗuwa har yanzu,
Wannan ba zan ɓoye muku ba.
Amma daren jiya na yi barci,
Madubin nan ko kallon sa ban yi ba.