Bidiyon da ke laftof, yaya zan kai shi talabijin ɗin falo ba sai na ɗauko ta kullum ba?

Ɗan Aboabo:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina Aboabo nan Kumasi, akwai abin da ya daɗe yana damuna na ce bari in kawo shi nan ko Allah zai haɗa ni da wanda ya sani. Ina da tsohuwar laftof a ɗakina, Windows 10 ce a kanta, cike take da kayan gidanmu, bikin yayata, sunan yaran ƙannena, tafsirin azumi da nake ɗauka da waya shekara da shekaru, ƙasidun maulidi, sai kuma wanda ya fi min komai wato bidiyon da marigayi Babanmu yake addu'a ranar sunan ɗana na fari. A faifan DVD mai ɗaukar hoto ya ba mu shi lokacin, da na ga faifan ya fara karcewa sai na kwashe komai na zuba a kwamfuta.

To Mma, mahaifiyarmu, ce mai son kallo. Kusan duk Juma'a bayan la'asar sai ta ce a sa mata na Malam, haka take kiran bidiyon. Idonta ya yi rauni yanzu, allon laftof ba ya mata, sai ka ga ta matso har fuskarta ta kusa taɓa gilashin. Shi ya sa nake ɗauko laftof ɗin in kai falo in ɗora a kujerar roba in haɗa da kebul ɗin HDMI, kebul ɗin kuma gajere ne, jikoki na ta wucewa ta kai, satin da ya wuce ɗaya ya ja shi da ƙafa saura kaɗan ta faɗo ƙasa, wallahi gabana ya faɗi don ba ni da wani kwafi a ko'ina. Kuma in ina shago a Alabar babu mai iya haɗa mata, sai ta zauna jirana har magariba.

Talabijin ɗin inci 32 ce, ba mai intanet ba, tana da ramin HDMI biyu da USB ɗaya. Na gwada da fulash, wasu sun fito hoto babu sauti, wasu ta ƙi buɗewa, na bikin yayata ma ko shiga fulash ɗin bai yi ba. Na je Adum na tambaya, wannan ya ce Chromecast, wancan ya ce Fire TV Stick, wani ya ce akwatin Android, kowa abin da ke tebur ɗinsa yake yabo. Wanne ne zai min aiki? Kuma zai ci data? Ƙaramar MiFi kawai nake da ita. Ina son abin da yaro ɗan shekara 10 zai iya kunna mata da rimot.

Mai Gyaran Asawase:

Wa alaikumus salam yaya. Allah ya jiƙan Malam, ya ƙara wa Mma lafiya. Kafin mu zo kan na'ura, yau ɗin nan ba gobe ba ka kwafe bidiyon nan wuri na biyu, ko a fulash ne ko a wayar wani ɗan uwa. Laftof nawa aka kawo min shago diski ya mutu mai ita na tsaye yana hawaye, ba na so ka shiga layinsu.

Maganar data kuma ga yadda take. Rautarka, wato MiFi ɗin nan taka, aiki biyu take yi, tana haɗa ka da intanet, tana kuma haɗa na'urorin gida junansu. In bidiyon daga laftof ɗinka zai tashi ya je talabijin, a cikin gida yake yawo, bai fita waje ba, don haka ba ya taɓa datarka ko kaɗan. Wanda ke cin data shi ne YouTube da Netflix, su Netflix da kansu sun ce awa ɗaya na hoto mai kyau na iya cin gigabait 3, na 4K har 7.

Amma ba kowace na'ura ce ke yarda ta yi aiki in babu intanet ba, nan ne masu sayarwa ba sa faɗa maka. Chromecast na asali, wanda Google ta fitar a 2013 a kan dala 35, ba shi da rimot, da waya ko kwamfuta ake tura masa abu, kuma yana son ya ga intanet kafin ya buɗe. Ka ga Mma ba za ta iya ba in ba ka nan. Akwai wanda suka fitar a 2020 mai rimot, wannan ya fi, sai dai a 2024 Google ta daina ƙera Chromecast gaba ɗaya ta koma Google TV Streamer, abin da ke kasuwa yanzu ragowa ne ko na hannu. Fire TV Stick sai ka buɗe asusun Amazon, kuma shafinsa na farko yana neman intanet, in data ta ƙare sai ka yi ta zagaye ta cikin saiti kafin ka kai ga manhajarka.

Ni a naka yanayin akwatin Android TV na gaskiya zan ce, irin su Mi Box S na Xiaomi, yana da rimot yana da ramin USB. Ka sa masa VLC, manhajar kunna bidiyo, kyauta ce. A laftof kuma ka shiga Control Panel, Network and Sharing Center, Media streaming options, ka kunna. Wannan tsarin shi ake kira DLNA, tun 2003 yake. Daga nan in ka buɗe VLC a akwatin ka duba na'urorin da ke kan layin gida za ka ga sunan laftof ɗinka da foldojin bidiyo da na sauti. Ka tabbata a Windows ka sa layin gidan a Private ba Public ba, in ba haka ba ba za su ga juna ba.

Abin da fulash ya yi maka kuwa ba lalacewa ba ce. Na bikin da ya ƙi shiga, fulash ɗin a tsarin FAT32 yake, shi kuma ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4, sai ka mayar da shi exFAT ko NTFS. Waɗanda suka fito babu sauti na DVD ne, za ka ga sunansu na ƙarewa da VOB, sautinsu galibi AC3 ne, wasu talabijin ba sa karanta shi. VLC na karanta su duka.

Hajiyar Nima:

Sannu ɗan uwana, Allah ya yi maka albarka da yadda kake kula da tsohuwa. Ni daga Accra nake, abu ɗaya zan ƙara a kan na Mai Gyara don ya faru da ni. Bara na aiki yarona Circle ya sayo min akwati, ya dawo da wani baƙi mai araha, jikin kwalin an rubuta 8K da memori mai yawa da tashoshi dubu kyauta. Sati biyu muka ji daɗinsa. Bayan nan sai ya riƙa zafi kamar dutsen guga, hoto na tsayawa baki na motsi magana na zuwa daga baya, tashoshin kuma ɗaya bayan ɗaya suka mutu, ga data na tafiya ko ba a kallo. Na koma wurin mai shagon ya ce min ba ya karɓar kayan da aka buɗe. Daga baya wani ɗan ƙanwata da ya san harkar ya duba ya ce memorin da aka rubuta ƙarya ne, kuma ya nuna min labarin cewa tun 2023 masu bincike suka gano wasu irin waɗannan akwatunan marasa suna na zuwa da muguwar manhaja a ciki tun daga masana'anta, BADBOX suke kiranta. Na cire shi na ajiye.

Don haka in za ka saya ka sa su kunna maka a gabanka, ka ga Play Store na gaskiya ya buɗe, ka tafi da fulash ɗinka mai bidiyon Malam a gwada a nan shagon kafin ka tura musu kuɗi ta momo. Kuma ka saya masa abin kare wuta, kun san yadda take dawowa da ƙarfi bayan dumsor, wato ɗaukewar wuta.

Sannan ni tambayata, dole ne sai laftof ɗin ta shiga ciki? Tunda akwatin na da USB ka zuba bidiyon a fulash babba ka bar shi a jiki kawai. Mu haka muke yi wa surukata, karatun Alƙur'ani ne da wa'azi, da asuba jikarta ke kunna mata kafin ta tafi makaranta.

Ɗalibin Tech:

Salam Alhaji. Shawarar da aka ba ka mai kyau ce amma ni da manhajar Jellyfin ko Plex zan bi. Wadda ka zaɓa kana sa ta a laftof ta zama kamar rumbu, ka kuma sa ta a akwatin, sai komai ya fito a jere da hoto babba a kan kowane bidiyo, kuma tana tuna inda aka tsaya, wannan zai yi wa tafsiri amfani sosai tunda zama ɗaya na iya kai awa biyu. Ga tsohuwar da idonta ya yi rauni hoto ya fi rubutu, in ka sa fuskar Malam a kan nasa bidiyon ita da kanta za ta gane ta nuna da hannu. Jellyfin kyauta ce gaba ɗaya, a 2018 ta fito, kuma ba ta buƙatar ka yi rajista a intanet, Plex ce ke son asusu. Kodi ma na nan, wadda a da ake kira XBMC kafin su canja suna a 2014, ita ma tana jera hotuna kuma tana karanta fulash kai tsaye.

Fayilolin VOB ɗin kuma ka juya su zuwa MP4 da manhajar HandBrake, ka zaɓi tsarin H.264 a cikinta, girmansu zai ragu sosai kuma kowace na'ura za ta buɗe har wayar 'yan uwa da ke waje. Amma kar ka goge na asalin.

Mai Gyaran Asawase:

Ƙanena Jellyfin na da daɗi ban musa ba, amma ka tuna laftof tsohuwa ce. In akwatin bai gane fayil ba ita za ta riƙa juya shi nan take ana cikin kallo, fanka ta yi ta ihu hoto na tsinkewa. Kuma dole ta kasance a kunne kullum, a hana ta barci in an rufe murfi, in wuta ta ɗauke batir ya ƙare sai an zo an tayar da ita, waye zai yi in yaya na Alabar? Ga bangon gidajenmu na Zango, bulo ne mai kauri, in ɗakinsa na bayan gida ne siginar ƙaramar MiFi da ƙyar za ta kai falo. Siginar Wi-Fi iri biyu ce, ta 2.4 ta fi ratsa bango, ta 5 ta fi sauri amma ba ta nisa. Wanda ya dage sai ta laftof to ya sayi rauta ta sosai ya ja kebul ɗin intanet, yana kaiwa mita 100 ba matsala. Kuma in yana fita aiki da MiFi ɗin a aljihu ai layin gidan ya tafi da shi.

Gaskiya maganar Hajiya ta fi tawa ta farko dacewa da Mma. Fulash a jikin akwati, babu laftof babu rauta babu data. Ta layin gida ka bar shi don kanka, in kana gida da dare kana son jawo wani abu daga ɗaki. Wani abu kuma yaya, Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, in ba ka shiga tsarin ƙarin wa'adi ba ka rage yawo da ita a intanet tunda amanar gida ce a ciki.

Ɗan Aboabo:

Jama'a na dawo, Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Daren da na karanta amsar farko na kwafe na Baba wuri biyu, ɗaya na ba yayata ta tafi da shi Tafo. Ranar Laraba na je Adum da fulash a aljihu kamar yadda Hajiya ta ce, shago na farko ya ƙi kunna min sai na wuce, na biyu ya kunna muka sa VLC a nan, bidiyon ya fito da sautinsa. Na sayi akwatin, na kuma sayi fulash mai gigabait 128 na mayar da shi exFAT, na bikin yayata ma ya shiga. Foldar Baba na sa mata lamba 1 a gaban suna don ta zauna a sama, tafsiri 2, ƙasidu 3, na koya wa ɗana sau biyu ya iya.

Jiya Juma'a ina shago bayan la'asar matata ta kira ni ta ce in saurara. Muryar Baba nake ji daga falo yana addu'a, Mma na amsawa da amin amin kamar yana zaune a gabanta. Ta ce da ya ɗaga hannu ita ma ta ɗaga, kuma wai yau ce rana ta farko da ta ga hular da ke kansa sosai, ta ce ita ta saya masa a Makka. Sai da na shiga bayan kanta na zauna na ɗan lokaci kafin na iya ci gaba da ciniki.

Ɗalibi, ranar Lahadi zan gwada Kodi ɗin saboda maganar hoton fuska. Sai dai akwai kaset biyu na rediyo da Mma ta fito min da su daga ƙasan akwatinta daren jiya, ta ce karatun Baba ne na tun kafin a haife ni. Akwai wanda ya san yadda zan shigar da su kwamfuta ba tare da rediyon ta cinye zaren ba?