Neman kalma: idan jirgi ya sauka a filin da ba nasa ba

Mai fassara, Agege: Salamu alaikum. Turawa na cewa "wrong airport landing" idan matuƙi ya sauke jirgi lafiya lau a filin da ba shi aka nufa ba, kuma bai farga ba sai da taya ta taɓa ƙasa. "Saukar gaggawa" ba ta dace ba. "Saukar kuskure" fa?

Kyaftin, Ikeja: Wa alaikumus salam, Malam. Ta yi faɗi da yawa, don wanda ya zarce ƙarshen titin saukar jirgi ma kuskuren sauka ya yi. Wannan yawanci a saukar ido yake faruwa: gari garau, matuƙi ya shaida wa hasumiya ya hango fili, a ba shi izini, ya bar duba na'ura ya bi fitilu. A Nuwamba 2013 wani Boeing 747 na kaya ya nufi sansanin sojan sama na McConnell a Wichita, Amurka, mai titi ƙafa 12,000, sai ya sauka a ƙaramin filin jirgi na Jabara mai titi ƙafa 6,101. Da dare ne, titunan biyu duk kudu suke fuskanta, kuma Jabara ne ya fara bayyana a gabansu. A Janairu 2014 jirgin kamfanin Southwest da zai je Branson a Amurka ya sauka a wani fili daban mai titi ƙafa 3,738 kacal, da kyar birki ya riƙe shi.

Malama, Idi-Araba: Ranka ya daɗe, ai muna da kalmar tun tuni: makuwa. Mai ɓatan hanya ya san ya ɓata, yana tambaya. Mai makuwa kuwa ya juya wa alƙibla baya, kuma zai rantse gabas yake kallo. Ina ganin "saukar makuwa".

Injiniya, Mafoluku: Malama ta harbi tsuntsun. Maganinta ma irin na mai makuwa ne: kada ya yarda da idonsa shi kaɗai. Ko da saukar ido ce, a saita ILS na titin, wato na'urar rediyon da ke jagorantar jirgi zuwa titi, a tabbatar da alamarsa, don kowanne da mitarsa ta rediyo da haruffansa. Sannan a gwada tsawo da tazara. Gangarar sauka mai digiri 3 tana cin kusan ƙafa 300 a kowane mil na teku. Idan na'ura ta ce saura mil 8, ya kamata kana wajen ƙafa 2,400. In ka ga kanka a ƙafa 600 da titi a gabanka, ba naka ba ne, ƙara wuta ka tashi.

Mai fassara, Agege: To na Nuwamba 2023 fa, da jirgin United Nigeria ya tashi nan Legas zuwa Abuja ya sauka Asaba?

Kyaftin, Ikeja: Kamfanin ya ce yanayi ne, NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ba ta karɓi wannan bayani ba. In da gangan aka canza fili saboda yanayi, "karkatar da jirgi" ke nan, kada ka sa makuwa. Kuma a raba biyu, Malam: "makuwar fili" da "makuwar titi". A filin jirgin Murtala Muhammed na nan Legas akwai tituna biyu, 18L da 18R, jere da juna, duk suna kallon kudu. Wanda aka ba 18R ya sauka 18L filinsa daidai ne, titin ya kuskure.

Mai fassara, Agege: Na gode. "Saukar makuwa" za ta shiga kanun labari, rabe-raben in bayyana su a ciki.