Kotu ta ce a koma aiki, ƙungiya ta ce a zauna gida, wa zan bi?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibitin gwamnati a Gombe, ɗakin haihuwa nake. Ƙungiyarmu ta shiga yajin aiki kan alawus ɗinmu da aka riƙe, sai ga labari gwamnati ta samo umarnin kotun ma'aikata cewa a dakatar. Shugabanninmu sun ce kada kowa ya leƙa asibiti. Ni kuwa tunanin masu naƙuda ya hana ni barci. Don Allah, gwamnati na da hurumin yin haka? In na koma, na ci amanar abokan aikina?

Wani lauya daga Bauchi: Wa alaikumus salam, Hajiya. Tana da shi. Dokar sasanta rikicin ma'aikata ta 1976 ta ce da zarar maganar ta je gaban kotu, yajin aiki ya haramta. Gyaran dokar ƙungiyoyin ƙwadago na 2005 kuma ya hana shi a ayyukan da rayuwar jama'a ta rataya a kansu, asibiti da ruwa da lantarki duk suna ciki. Sashe na 43 na dokar 1976 shi ne "ba aiki, ba albashi". Da kotu aka mayar da likitoci masu neman ƙwarewa a 2021, haka aka yi wa ASUU, ƙungiyar malaman jami'a, a 2022 bayan wata takwas suna yajin aiki. Ki nemi kwafin umarnin ki gani da idonki, kada ki tsaya ga jita-jita.

Wani dattijo, tsohon ma'aikacin lantarki: Barista, doka kam haka take. Amma yarjejeniyar da aka sa wa hannu da ASUU tun 2009 fa, wace kotu ta tilasta cika ta? A Yunin 2024 sai da 'yan ƙwadago suka kashe wutar ƙasa baki ɗaya kafin a saurari maganar albashi. 'Yata, kada ki koma ke kaɗai, gobe ba wanda zai tsaya miki.

Wata unguwar zoma daga Kumo: Anti, zubar jini bayan haihuwa ba ya jiran sulhu. Ku haɗu ku 'yan ɗakin haihuwa ku roƙi shugaban reshe ya bar mutum biyu ko uku kan gaggawa, da izinin ƙungiya a rubuce.

Mai tambaya: Na gode, Allah Ya saka. Gobe da safe zan kira abokan aikina mu je wurin shugaban reshe. Barista, a ina ake samun kwafin umarnin?