Wai RX-7 ce ta fi duk motocin Japan daɗin tuƙi?

Autan Gida: Jama'a ni dai na faɗa kuma ban janye ba, a duk motocin gudu da Japan ta fitar a shekarun 1990 babu wadda ta kai Mazda RX-7 daɗin tuƙi, musamman ta ƙarshe, FD, wadda ta fito 1991 aka daina ta 2002. Toyota Supra mai turbo da Nissan Skyline GT-R duk sun haura kilo 1,400, ita kuwa wajen 1,300 take ko ƙasa da haka. Wanda bai yarda ba ya fito.

Mai Gareji: Na fito. Ƙanena kai a bidiyo ka san injin rotari, ni da hannuna na taɓa shi. Wani ya taɓa kirana kan RX-8 ɗinsa, magajiyar RX-7 mai irin injinta na rotari, wai ya tayar da ita da safe ya fito da ita ƙofar gida za a wanke, ko minti ɗaya ba ta yi ba ya kashe, shikenan ta ƙi tashi, aka yi ta murza ki har batir ya mutu. Da na kwance fulogi duk huɗun sharkaf da fetur kamar an tsoma su a jarka. Motar da ba za ka kashe ta da sanyi ba sai ka lallaɓa ta kamar amarya, ita ce ta fi kowa?

Anti Malama: Ku dakata mana, mene ne rotarin ma tukuna? Ba fistin ne a ciki ba?

Injiniya: Anti babu fistin ko ɗaya, babu bawul. Ki ɗauka samosa ce ta ƙarfe mai kusurwa uku, tana juyawa a cikin wani gida mai siffar ɓawon gyaɗa mai 'ya'ya biyu. Kowane gefe na samosar yana jan iska da mai, ya matse, ya ƙone, ya fitar da hayaƙi, duk a zagaye ɗaya. Wani Bajamushe Felix Wankel ne ya ƙirƙiro shi, Mazda da ke Hiroshima ta sayi lasisi a 1961 ta yi ta fama har ta fitar da Cosmo Sport a 1967. Na RX-7 samosa biyu ne, wato rota biyu, kowacce 654cc, jimilla 1,308cc, amma FD ta fara da doki 255 ta ƙare da 280 a Japan.

Autan Gida: Yawwa Injiniya, faɗa musu. Kuma saboda ƙanƙantar injin ne aka iya tura shi baya can kusa da direba, bonet ya kwanta ƙasa, nauyi ya rabu rabi gaba rabi baya, shi ya sa in ka karya sitiyari a kwana hancin motar ke bi nan take ba gardama. Sannan tunda ba abin da ke hawa yana sauka a ciki ba ya jijjiga, RX-8 har 9,000 take kaiwa tana ƙara kamar zuma ta taso.

Baba Direba: Yaro duk na ji, amma ka tambayi shan manta? 1.3 a takarda, a gidan mai kuwa sai ka rantse V6 ka kawo. Da fetur ɗin da muke saye tun da aka cire tallafi a 2023 wa zai iya. Ga baƙin mai da aka ce tana sha kullum sai an ƙara.

Injiniya: Baba wannan ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera shi, akwai famfon da ke ɗiga baƙin mai cikin ɗakin wuta don ya jiƙa silin da ke bakin kowace kusurwa. Wasu ma har man injin babur mai hayaƙi suke zubawa a tanki don ƙari.

Mai Gareji: To ai nan ne gizo ke saƙar. Silin nan siriri ne kamar tsinken ashana mai faɗi, shi kaɗai ke gogar bango yana riƙe matsi, ranar da ya cinye mota za ta tashi lafiya da safe amma in ta yi zafi ka tsaya sallah ka dawo sai ta ƙi. Kuma ba kamar canza ringi ba ne, sai an sauke injin an raba shi faifai faifai, wani lokacin gidan ma ya karce sai sabo. Nawa ne a garin nan za su iya haɗa shi daidai? Ni kaina ban yi alkawari ba.

Autan Gida: Oga injin da kake rainawa shi ya ci tseren Le Mans a Faransa 1991, awa 24 ana gudu ba tsayawa. Motar tseren Mazda 787B mai lamba 55, rota huɗu, kuma shi ne karo na farko da kamfanin Japan ya ci, sai 2018 Toyota ta samu nata.

Mai Gareji: Awa 24 da injiniyoyi cike da rumfa suna gadinsa. Ni shekara goma nake tambaya a hannun mutumin da ke manta duba mai.

Baba Direba: Ni abin da ban gane ba, in rashin nauyi ne daɗin, ai Mazdan ce dai ta yi MX-5 a 1989, ko tan ɗaya ba ta kai ba, injin fistin ne lafiyayye ba ciwon kai, har yau ana yinta. To me ya kawo rotari cikin maganar?

Injiniya: Baba ya kawo magana. A Amurka ma akwai masu cire rotarin su dasa V8 na Chevrolet a FD, su ce motar suke so ba injin ba.

Autan Gida: Wannan kuma cin amana ne wlh. MX-5 tana da daɗi ban musa ba amma ba ta da ƙarfin FD, kuma turbo biyun FD bi da bi suke aiki, na farko tun daga ƙasa, na biyu ya shigo wajen 4,500 sai ka ji kamar an hankaɗa ka ta baya. Wannan hankaɗar da ƙarar su ne motar, ka cire su ka bar kwarangwal.

Injiniya: Sai dai fa tsarin turbo biyun nan tulin ƙananan tiyo ne na roba a cushe a wurin da zafi ya fi yawa, su bushe su tsage ka yi ta neman wanda ya huje. Zafi shi ne babban abokin gabar FD ko a can, balle a watan Afrilu a nan. Kuma a ƙasan totur injin ba shi da ƙarfin ja, sai an kai shi sama yake farkawa, cikin cunkoso ba za ka ji komai ba sai kuloci.

Anti Malama: To in yana da kyau haka me ya sa suka daina?

Injiniya: Hayaƙi da shan mai, Anti. RX-8 ta kasa cika ƙa'idar hayaƙin Turai a 2010, aka rufe ta gaba ɗaya 2012. Sun dawo da shi 2023 a MX-30 amma rota ɗaya ne, ba ya juya taya, batir kawai yake caja.

Mai Gareji: Wato janareta ya koma kenan.

Autan Gida: Oga ka yi dariyarka. Ni dai in Allah Ya hore min FD zan nema.

Baba Direba: Ka nemi ta Amurka to, 1995 aka daina kai musu, na Japan sitiyarinsu a dama yake jami'an hanya ba za su bar ka ba.

Mai Gareji: Kuma ka haɗo da fulogi saiti biyu da silin kusurwa a cikin but tun daga can, kar ka zo kana min waya da asuba.