Muhawara: Karatun gudanar da harkar wasanni yana shirya matashi ya zama ɗan kasuwa?

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum. Batunmu na wannan makon shi ne iƙirarin da wasu jami'o'i ke yi, wanda matasanmu suka fara karɓa, cewa duk wanda ya karanci gudanar da harkar wasanni ya samu shirin shiga kasuwanci daidai da wanda ya karanci akanta ko tattalin arziki, ko da daga baya bai yi aiki a fagen wasa ba. Fannin ya daɗe. Jami'ar Ohio ta Amurka ce ta fara ba da digiri na biyu a kansa a 1966, bayan da Walter O'Malley, mai ƙungiyar wasan baseball ta Dodgers, ya koka da cewa babu inda ake horar da masu kula da filin wasa da kwantiragi da sayar da tikiti. A Najeriya ma Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Surulere a Legas tana koyar da shi. Muna roƙon kowa ya tsaya a kan batu.

Ɗan kasuwa daga Kantin Kwari: Wa alaikumus salam. Ni ban yarda da wannan magana ba, kuma ƙwallon nake so kamar kowa. Kasuwanci yana buƙatar kasuwa, wato wurin da mutum zai zuba jari, ya sayar, ya ƙirga riba ko asara da kansa. Ina wannan kasuwar a wasanninmu? Kano Pillars ta ci gasar Najeriya a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, magoya bayanta suna cika filin Sani Abacha na Ƙofar Mata, amma tun kafa ta a 1990 ta gwamnatin jiha ce, kuma haka akasarin manyan ƙungiyoyin ƙasar nan suke. Gwamnati ce ke naɗa shugabanni, ita ce ke sakin kuɗin albashi da na mota da na masauki. Yaron da ya yi shekara huɗu yana koyon yadda ake samun riba daga ƙungiya, idan ya dawo, wa zai ba shi ƙungiyar da zai gwada iliminsa a kai? Da ya zauna a shago tsawon wannan lokacin, da ya san dillali, ya san bashi, ya san kayan da ke kwantai, mai yiwuwa ma an sallame shi da jarinsa.

Malamar jami'a: Alhaji, maganarka a kan mallakar gwamnati gaskiya ce, sai dai ka haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba. Akwai bambanci mai girma tsakanin inda ake koyar da fannin a tsangayar ilimi, tare da motsa jiki da kiwon lafiya, kamar yadda aka saba a yawancin jami'o'inmu, da inda ake koyar da shi a makarantar kasuwanci. A wuri na farko malamin makaranta ko jami'in wasanni ake shiryawa, kuma wannan aiki ne mai daraja, amma ba kasuwanci ba ne. A wuri na biyu, kamar a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst inda sashen yake cikin makarantar kasuwanci, ɗalibi zai zauna aji ɗaya da masu karanta akanta, ya koyi rubuta littafin shiga da fita, da kasafi, da dokar kwantiragi, da tallace-tallace. Wasanni su ne misalin da ake koyar da shi da su, kuma misali ne mai wahala, domin ƙungiya tana sayar da abin da ba ta da iko a kan sakamakonsa. Kujerar da ba a sayar ba ranar wasa ta tafi ke nan, ba a ajiye ta zuwa gobe. Wanda ya iya sa farashi a kan irin wannan haja zai iya aiki a otal ko kamfanin jirgin sama, domin matsalar tasu iri ɗaya ce.

Akanta daga Zariya: Malama, na yarda da rabewar da kika yi, amma ita ce ma ke ƙarfafa matsayina. Idan amfanin karatun yana cikin darussan akanta da doka da ke cikinsa, me ya hana yaro ya karanci akantar gaba ɗaya? A duba waɗanda suka riƙe manyan kuɗin wasanni a duniya. Mark McCormack, wanda ya kafa kamfanin wakilcin 'yan wasa na IMG a 1960 da wakilcin ɗan wasan golf Arnold Palmer, lauya ne. Florentino Pérez na Real Madrid injiniya ne mai kamfanin gine-gine. Ed Woodward akanta ne da ya yi aikin banki, ta nan ya shiga Manchester United bayan iyalan Glazer sun saye ta a 2005. Patrice Motsepe, shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, tun 2021, lauya ne da ya yi arzikinsa a haƙar ma'adinai. Ƙofar tana buɗewa cikin sauƙi daga akanta zuwa wasanni, amma mai takardar wasanni da ya je neman aiki a banki a Kaduna sai ya yi dogon bayani kafin a saurare shi, alhali mai takardar ICAN, wato cibiyar ƙwararrun akantoci ta Najeriya, ba ya buƙatar cewa komai.

Tsohon sakataren wata ƙungiyar matasa: Ranka ya daɗe, bari in kawo abin da babu shi a littafin akanta, domin na gani da idona. FIFA tana da doka cewa idan aka sayar da ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. Idan aka sayar da yaro a kan Yuro miliyan 10, ƙungiyar da ta riƙe shi daga shekara 12 zuwa 15 tana da haƙƙin Yuro 100,000. Sharaɗin shi ne a ce an yi wa yaron rajista da sunan ƙungiyar, shekarunsa suna rubuce a takardar tarihinsa ta wasa.

Mu ba mu san wannan ba a lokacinmu. Mun rene wani yaro tun yana wasa ba takalmi, kocinmu yana saya masa biredi da shayi daga aljihunsa bayan atisaye, mu muke harhaɗa kuɗin motar zuwa gasa. Sunayen yaran a wani littafi mai bango ja muke rubutawa, yana cikin jakar kocin tare da usur da famfon hura ƙwallo. Wani wakili ya zo ya ba mu riguna da ƙwallaye, ya ɗauki yaron, ya yi masa rajista a wata ƙungiya ta kudu kamar daga can ya taso. Da aka sayar da shi waje muka nemi haƙƙinmu, aka ce mu kawo shaida, littafin nan kaɗai muke da shi, kuma ba ya cikin abin da ake karɓa. A cikinmu akwai ɗan kasuwa, akwai ma'aikacin banki, amma babu wanda ya taɓa jin labarin dokar. Irin wannan ilimin ne nake karewa, kuma shi ma ilimin neman kuɗi ne.

Akanta daga Zariya: Allah ya mayar muku da alheri, Malam, labarin yana da ciwo. Amma wannan doka a ɗan gajeren kwas za a iya koyar da ita. Ba ta kai a ba ta shekara huɗu na ƙuruciyar mutum ba.

Malamar jami'a: Ba ita kaɗai ba ce. Akwai dokar hana kai yaro ƙasar waje kafin ya cika shekara 18, da jarrabawar wakilan 'yan wasa da FIFA ta dawo da ita a 2023, da ƙa'idojin kashe kuɗi waɗanda suka sa aka cire wa Everton maki 10 a 2023, kafin a rage zuwa 6, saboda asararta ta wuce fam miliyan 105 da aka yarje a cikin shekara uku. Akwai kuma cinikin haƙƙin nuna wasa, wanda ya kawo wa gasar Firimiya fam biliyan 6.7 a cikin Birtaniya kaɗai na kaka huɗu daga 2025. Duk da haka, a kan matakin karatu ina kusa da kai. Shirin digiri na biyu da FIFA ke ɗaukar nauyi tun 2000, wanda ake yi a Ingila da Italiya da Suwizalan, masu digiri a wasu fannoni yake ɗauka. Ni ma idan ɗalibi ya tambaye ni, zan ce ya fara da akanta ko doka, ya ɗora wannan a kai.

Ɗalibi mai shirin JAMB: Ina neman afuwar iyayena da na sa baki. Baba Alhaji ya ce babu kasuwa, amma ni a unguwarmu ina ganin gidajen kallon ƙwallo suna cika duk ƙarshen mako, da filayen ciyawar roba da ake haya da awa har tsakar dare, da masu ɗinka riguna, da masu shirya gasar unguwanni. Duk waɗannan ba na gwamnati ba ne. Shin ba kasuwa ba ce?

Ɗan kasuwa daga Kantin Kwari: Kasuwa ce, ɗana, kuma na ji daɗin tambayarka. To amma je ka tambayi masu filayen nan me suka karanta. Abin da ke kayar da su shi ne kuɗin man janareta da hayar fili da yaron da ke karɓar kuɗi a ƙofa ba ya rubutawa. Wannan a wurin maigida ake koyonsa. Ban hana ka karatu ba, amma duk hutu ka nemi ɗaya daga cikinsu ka riƙe masa littafi, ko da kyauta ne.

Mai sauraro daga Maraɗi: Kun tsaya a kan ƙwallo, kun manta da namu. Gasar kokawa ta takobi da ake yi a Nijar tun 1975 tana tsayar da ƙasa baki ɗaya, jihohi takwas suna karawa, kamfanoni suna rige-rigen sa tallansu. Dambe ma yanzu miliyoyin mutane suke kallonsa a YouTube. Tambayata ita ce, wa ke rubuta kwantiragin ɗan damben da ake ɗaukar hotonsa ana samun kuɗi da shi? Idan 'ya'yanmu ba su koyi haƙƙin hoto da cinikin masu ɗaukar nauyi ba, wasu ne za su zo su tsara, mu kuma mu tsaya a kan kiɗa da kirari.

Malamin Islamiyya: Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma wajibi ne uba ya sani kafin ya biya kuɗin makaranta. Kaso mai yawa na kuɗin da ke yawo a ƙwallon yau daga kamfanonin caca yake fitowa. Remo Stars, ƙungiya mai zaman kanta da ta ci gasar Najeriya a 2025, wadda ake yawan kafa misali da kyawun tsarinta, ta Kunle Soname ce, mai kamfanin Bet9ja. A Ingila kanta sai da ƙungiyoyin Firimiya suka amince a 2023 cewa za su cire tallan caca daga gaban rigunansu bayan kakar 2025 zuwa 2026. Yaronmu zai iya gama karatu ya tarar da cewa ayyukan da suka fi albashi a fannin su ne waɗanda addininsa bai yarje masa ba. Wannan yana rage faɗin kasuwar da ake yi masa alkawari.

Tsohon sakataren wata ƙungiyar matasa: Allah ya gafarta Malam, haka ne. Sai dai rashin masu ilimin a cikinmu ne ya sa kamfanonin sadarwa da na abinci da na siminti ba sa samun wanda zai kawo musu tsari a rubuce, mai nuna yawan 'yan kallo da abin da za su samu idan sun sa kuɗinsu. Da wannan tsarin ake samun mai ɗaukar nauyi na halal.

Malamar jami'a: Ga ɗalibinmu, kafin ka cike fom, ka nemi jerin darussan sashen daga shekarar farko zuwa ta ƙarshe, ka ƙirga nawa ne na akanta da doka da tallace-tallace, ka kuma tambayi inda ake tura ɗalibai koyon aiki da inda waɗanda suka gama suke aiki yanzu. Idan ka samu jerin, ka kawo shi nan, ni da Akanta za mu duba maka shi darasi bayan darasi.

Akanta daga Zariya: Na amince. Ka haɗo da na sashen akanta na jami'ar, domin mu ajiye su gefe da gefe.