Dukiyar jirgin San José: ta wanda ya gano ce, ko ta waɗanda aka haƙa da guminsu?

Alhaji na Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na kawo maganar jirgin ruwan yaƙin nan na Sifaniya, San José, wanda ya nutse kusa da Kartahena, wani birni a gaɓar ƙasar Kolombiya ta yau, ranar 8 ga Yuni, 1708, a fafatawarsa da jiragen yaƙin Ingila, yana ɗauke da zinariya da azurfa da zumurrudu da za a kai wa sarkin Sifaniya. Sai a ƙarshen Nuwamba 2015 sojojin ruwan Kolombiya suka gano shi a zurfin kimanin mita 600, aka shaida shi ta igwoginsa na tagulla, kuma masu ƙiyasi sukan kai darajar kayansa har dala biliyan 20. Matsayina shi ne wanda ya zuba kuɗinsa ya nemo, shi ya kamata ya kwashe, domin kayan da suka haura shekara 300 a ƙarƙashin teku ba su da sauran mai su.

Barista na Kongo:
Wa alaikumus salam. Ranka ya daɗe, ko wanda ya gano ɗin ma ba a daidaita a kansa ba, domin kamfanin Amurka mai suna Sea Search Armada yana cewa waɗanda ya gada ne suka fara gano wurin tun 1981, yana neman dala biliyan 10 a gaban kotun sasanci, Kolombiya kuwa ta ce ba a inda suka nuna jirgin yake ba. Sannan doka ba ta ɗaukar jirgin yaƙi a matsayin abin da aka yasar don kawai ya daɗe a ruwa. A 2007 kamfanin Odyssey ya tsamo sulalla fiye da 500,000 daga jirgin Mercedes da ya nutse a 1804 kusa da gaɓar Fotugal, ya kai su Amurka, amma kotunan can suka hukunta cewa jirgin gwamnatin Sifaniya ne, a Fabrairun 2012 aka kwashe su a jiragen sama aka mayar mata. Da wannan hujjar Sifaniya take riƙe a kan San José.

Malam na Ƙofar Doka:
Alhaji, ina jin hukuncin rikazi kake hange, inda mai ganowa yake fitar da humusi ya riƙe saura. To, rikazi dukiya ce binnanniya ta mutanen da, wadda ba a san mai ita ba, wannan kuwa an san jirgin, an san wanda ya loda shi, an san inda aka nufa da shi, saboda haka ya fi kusa da tsintuwa, wadda ake cigiyarta. Sai dai ina ƙara wa Barista cewa idan asalin dukiya ƙwace ce, tsawon zamani ba ya halatta ta ga wanda ya ƙwata.

Hajiya ta Samaru:
Allah ya gafarta Malam, nan ne maganar take, kuma nan ne nake ganin an bar masu haƙƙi a baya. Azurfar da Sifaniya ta riƙa ɗiba a wancan zamani, kaso mai yawa daga dutsen Potosi ta fito, a ƙasar Bolibiya ta yau, inda tun shekarun 1570 aka ɗora wa 'yan asalin yankin aikin tilas, ana ɗibar ɗaya cikin bakwai na mazan gundumomin da aka yanka wa wannan aiki a kowace shekara, ana tura su cikin ramuka, wasu kuma su yi ta cuɗa ma'adanin da zaiba har gubarta ta ci jikinsu. Ba a san iyakar waɗanda suka mutu a can ba, kuma babu wanda ya biya iyalansu diyya. Jikokinsu suna nan, al'ummar Qhara Qhara ta fito fili ta ce tana da haƙƙi a cikin wannan jirgi, amma idan ana lissafa masu da'awa sai a ambace su a ƙarshe, bayan gwamnatoci biyu da kamfani.

Mu 'yan Arewa bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba, tunda a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an ɗebi mutanen lardunanmu aikin tilas zuwa haƙar kuza a Jos, da yawa ba su dawo ba. Da a ce jirgin da ya ɗauki kuzar nan ya nutse aka gano shi yau, Alhaji, za ka yarda Ingila da wani kamfani su raba, a ce jikokin mahaƙan kwaɗayi ne ya kawo su?

Barista na Kongo:
Hajiya, zuciyata tana tare da ke, amma kotu hujja take nema a kan kowane kaya. Ba duk abin da ke cikin jirgin ne na sarki ba, akwai dukiyar 'yan kasuwa, akwai tangaran na ƙasar Sin, zumurrudun kuma daga ƙasar Kolombiya kanta aka haƙo shi. A shari'ar Mercedes ma Peru ta shiga, tana cewa a Lima, babban birninta, aka buga mafi yawan sulallan, ba ta samu ko ɗaya ba.

Hajiya ta Samaru:
Barista, rashin nasarar Peru bai nuna ba ta da gaskiya ba, ya nuna dai cewa waɗanda suka yi mulkin mallaka su ne suka tsara dokar teku yadda za ta kare jiragensu. Kuma hujjar da kake nema tana jikin kayan, domin sulallan wancan zamani suna ɗauke da hatimin gidan da ya buga su. Shi ya sa nake adawa da a bar kamfani ya kwashe ya watsa a kasuwar gwanjo, tunda da zarar sun shiga hannun attajirai an rasa hanyar bin diddigi ke nan. Kada kuma mu manta mutum kusan 600 ne a jirgin, goma sha ɗaya kawai suka tsira, wato wurin maƙabarta ce.

Alhaji na Tudun Wada:
Hajiya, na ji batun Jos, kuma ba zan ce jikokin mahaƙa masu kwaɗayi ne ba. Amma aiki a zurfin mita 600 ba na masu ninƙaya ba ne, sai da na'urori masu sarrafa kansu irin wadda cibiyar Woods Hole ta Amurka ta kawo aka gano jirgin, kuma kuɗinsu ba kaɗan ba ne. Idan aka hana mai nema rabo, wa zai sake fita nema?

Malam na Ƙofar Doka:
Mai nema a biya shi ladan aikinsa bisa yarjejeniya, Alhaji, wannan ijara ce, ba ta mayar da shi mai kaya. Yarjejeniyar UNESCO ta 2001 ta hana cinikin irin waɗannan kayan tarihi na ƙarƙashin ruwa, kuma ko da yake Kolombiya ba ta shiga cikinta ba, a 2024 ta ayyana wurin a matsayin yankin tarihi mai kariya. Abin da nake so in gani shi ne a zaunar da wakilan Qhara Qhara a kwamitin da zai yanke abin da za a tsamo da inda za a ajiye shi, da ƙuri'a daidai da ta gwamnati, tun kafin a ci gaba da aikin.