Dokina ya rame, ƙarfinsa ya tafi: ƙarancin abinci ne ko ciwo?

Sani Mai Akawal: Assalamu alaikum, iyayen gida. Ingarmana ɗan shekara 9 ne, wata biyu ke nan na kasa gane kansa. Ci kam yana ci, amma haƙarƙarinsa har ƙirguwa suke yi, gashinsa ya dushe, in na fita kilisa da shi kafin a yi nisa sai haki da tuntuɓe. Yau ya yi ɗingishi da ƙafar gaba, bayan kwana biyu kuma ya koma ta baya. Abincinsa dusar alkama safe da yamma, da ɗan hatsi, ciyawa kuwa in ta samu. Wani ya ce in yi masa allurar ƙarin jini. Me kuka gani?

Bello: Wa alaikumus salam. Malam Sani, tsutsar ciki ce. Ka ɗura masa ivermectin daidai nauyinsa, ka ga aiki.

Baba Ilu: Bello, ka cika gaggawa. Sani ɗana, kafin ka taɓa kwalba, tsaya a turkensa ka kalli yadda yake tauna. Shin yana zubar da dunƙulen ciyawa da ya tauna rabi? Kana ganin ƙwayar hatsi ɗungurungum a kashinsa? In haka ne, turamensa sun yi kaifi suna yankar kumatu, sai an goge su. Na sha ganin dokin da ake ta narka wa abinci yana ƙara lalacewa, ashe bakin ne.

Likita Hadiza: Na bi bayan Baba. Malam Sani, don Allah ajiye maganar allurar nan. Da wuya babban doki ya rasa sinadarin ayan, wato ƙarfen da jiki ke haɗa jini da shi, a abinci, kuma allurarsa ta sha kashe doki nan take. In jini ya yi ƙasa, akwai abin da ke shanye shi, shi za a nema.

Fara da abin da za ka iya da hannunka. Zafin jikin lafiyayyen doki digiri 37.5 zuwa 38.5 ne, bugun zuciya 28 zuwa 44 a minti in yana hutawa. Ɗaga leɓensa: dasashi ya kamata ya zama jaja-jaja mai danshi, in ka danna da yatsa launin ya dawo cikin daƙiƙa biyu. In ya yi fari fat, ko rawaya irin ta ciwon shawara, ga zazzaɓi, ga fitsari mai duhu, to a tuhumi cutar da kaska ke sawa, ko sammore. Waɗannan sai gwajin jini. A haɗa da gwajin kashi, shi zai nuna ko Malam Bello ya canka.

Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne dusar nan da ɗingishin da ke yawo daga ƙafa zuwa ƙafa. Dusar alkama cike take da sinadarin fosfaras, amma kalsiyum ɗinta, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, kaɗan ne, alhali doki na bukatar kalsiyum ya kai kusan ninki biyu na fosfaras. In abin ya juye tsawon watanni, jiki sai ya riƙa zarar kalsiyum daga ƙashi. Ƙasusuwa su yi laushi, gaɓoɓi su yi ciwo, ƙashin fuska da muƙamuƙi ya kumbura, haƙora ma su yi girgiɗi. Shafa karan hancinsa ƙasa da idanu, ka gwada da na wani dokin.

Sani Mai Akawal: Likita, yanzu na dawo daga wurinsa. Zafi 38, dasashi lafiya lau. Amma wallahi fuskar ta cika ta gefe biyu, ni da na ɗauka ƙiba ce ta rage masa a nan. Baba, na kuma ga dunƙulen ciyawa biyu a ƙasa.

Likita Hadiza: To, ka sauke masa sirdi tukuna, ƙashin da ya yi laushi karyewa yake. Ka kira likitan dabbobi ya gan shi ido da ido, ya duba bakin, ya yanka masa adadin garin kalsiyum. Dokin kilo 400 na bukatar busasshiyar ciyawa kilo 6 zuwa 8 kullum, ka auna a sikeli, ka sa harawa a ciki don tana da kalsiyum. Dusa ka janye ta a hankali cikin kwana 10 zuwa 14, sauyin abinci farat ɗaya na kawo ciwon ciki. Gishirin lasa da ruwa kada su yanke. Kuma warkewar watanni take ɗauka, kumburin fuskar ma ba lallai ya saɓe duka ba.

Bello: Na sha gyara. Amma Likita, na ji ana cewa rashin sinadarin seleniyum ma na kashe ƙarfin tsoka. Ya ƙara masa?

Likita Hadiza: Gaskiya ne, shi da bitamin E. Sai dai seleniyum in ya yi yawa guba ne, geza da wutsiya su zube, kofato ya tsage. Kada a ƙara masa sai gwajin jini ya nuna ya gaza. Kuma Malam Sani, kada ka cike gurbin dusa da abincin kaji ko na shanu, wasu na ɗauke da wani magani mai suna monensin, kaɗan daga cikinsa kan lalata zuciyar doki.

Sani Mai Akawal: Allah ya saka da alheri. Na yi magana da likita, gobe da safe zai zo da kayan goge haƙori da kwalbar ɗibar jini.